Rasuwar 'Yar Aike, Mai Gadin Ruwan Lamadji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai kunyar kallon jama'a, Ja'afar na ofishin dillalan shanu da ke Ridina yake sanar da rasuwar manhajar nan da ake kira 'Yar Aike. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya a cikin tsohuwar kwamfutar ofis.

Marigayiya ba ta taɓa taka Lamadji ba, amma ɗigon ruwa bai taɓa shiga tankunan shayar da shanu da ke can ba tare da saninta ba. Duk minti goma sai ta gaisa da famfunan burtsatse huɗu ta layin waya, ta dawo da labari. In lafiya, ta ce "kit-kit". In famfo ya tsaya, ta dinga "wiii, wiii" har sai an tashi mai gyara. Ja'afar kan ce ta fi tsohuwa mita. Yau mitar yake nema ruwa a jallo.

Ta bar famfuna huɗu marayu, waɗanda ba su jin yaren kowa sai nata.

An gaya wa mutane wutar lantarki ce ta yi ajalinta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ja'afar ne ya so buga katin bikin ƙanwarsa Lauratu, kwamfutar ta yi masa nauyi, ya kai ta wani shagon gyaran kwamfuta a Diguel ya ce a wanke ta tas, a goge duk abin da ke cikinta. Sau biyu mai shagon yana tambaya ko akwai abin ajiyewa. Ya ce yana da faifan manhajar. Faifan kuwa tun bara ya rataye shi a lambu yana korar tsuntsaye, rana ta toye shi. Injiniyan da ya rubuta ta ya bar ƙasar, lambarsa ba ta shiga.

Washegari Buba, mai koro shanu daga arewa, ya bugo yana tambayar tanki na uku. Ja'afar ya dubi allon da babu komai, kunya ta hana shi faɗar gaskiya, ya ce tanki a cike yake. Ashe famfon ya tsaya. Buba ya wuce rijiyar hanya bai shayar ba, ya iso cikin zafin Afrilu ya tarar da komin shayarwa a bushe. Shanu uku suka faɗi a wurin.

Babu gawar da za a wanke. Takaba dai Ja'afar zai yi: kullum da safe zai hau babur zuwa Lamadji, ya auna tankuna da gora.

Masu ta'aziyya kada su zo Ridina. A haɗu a gidan Buba ranar Juma'a bayan la'asar. Ja'afar zai riga kowa isa don ya faɗi gaskiya, domin har yanzu Buba wutar lantarki yake tsine wa, kuma jiya shi ne ya zo ofis da goro, yana ba Ja'afar haƙuri.