Malam Dogo da Ɗan Kamfai

Ko da zan manta ranar da aka kai ni ɗakin miji, ba na jin zan manta da ranar bikin rufe makarantar su Ummi jikata. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki a kan keken ɗinki.

Bari in faro muku daga tushe. A Trikania na tashi, a wani gidan haya mai dogon jerin ɗakuna, lokacin babanmu yana aikin masaƙa a Kakuri. A ƙofar gidan akwai wata mata Ibo mai suyar ƙosai, Mama Obinna, kuma ni ake aike wurinta da safe. Wata rana sai ta naɗe mini ƙosan a wata takarda mai hotuna kala-kala. Na buɗe na ga mutane suna tashi sama ba fiffike, ga dogayen gidaje, ga wuta tana fita daga sanda. Ranar na ci ƙosai ban san ɗanɗanonsa ba.

Daga nan na zama yarinyar da ta fi kowa son aike a gidan. Duk wanda zai sayi ƙosai ni ce mai zuwa, ladana kawai a bar mini takardar. In shafe maiƙon da tsumma, in sa ta ƙarƙashin tabarma ta miƙe. Da suka taru na ɗauki allura da zaren Inna na ɗinke su, suka zama littafi.

To, karatuna bai wuce aji uku na firamare ba (shi ma rabinsa a bakin taga na yi shi). Turancin da ke cikin fararen kumfan nan da ke fitowa daga bakin mutanen, ban san ko ɗaya ba. Amma ina da ido, ina kuma da tarbiyya, sai na karanta da su.

Mutum biyu ne a labarin. Na farko dogo ne, da riga shunayya har ƙasa, gemu a gyare, sanda a hannu, kullum yana murmushi. Na biyun kuwa kaya sun ɗame shi kamar an ɗura shi a ciki, ya rufe rabin fuska da ƙyalle, sannan ya ɗora kamfai ruwan ɗorawa a kan wando yana yawo a tsakiyar gari. Ku gaya mini tsakani da Allah, a cikin biyun nan wane ne ɗan mutunci? Na sa wa na farko Malam Dogo, na biyu kuma Ɗan Kamfai.

Da hankalina na jera shafukan. Na fara da wanda ƴan sanda suka riƙe Malam Dogo hagu da dama suna sa shi a mota: ya iso gari a gajiye, hukuma ta zo tarbarsa. Sai shafin karyayyiyar gada, sai Malam Dogo ya ɗaga sanda haske na fita, sai ga gada lafiya lau motoci na wucewa. Sai inda ya saɓa wata yarinya a kafaɗa yana gudu, Ɗan Kamfai na bin su a sama. Kai, bawan Allah ya sha wahala a hannun ɗan iskan nan!

Wannan labarin na ba ƙannena. Shi na ba ƴaƴana, har babbar takan yi kuka in an zo inda Ɗan Kamfai ke naushin Malam. Littafin ya bi ni gidan aure a ƙasan akwati, ya bi ni har Mahuta inda nake yanzu, kuma da shi nake lallashin jikata Ummi.

Ummi yarinya ce mai kunya ta fitar hankali. Baƙo ya yi sallama, sai ta shige bayan zanina. Rannan ta dawo daga makarantarsu da ke unguwar Television da saƙo: ranar biki kowane yaro ya zo da shigar jarumin littafin hotuna, ya hau dandamali ya faɗi ko shi wane ne. Uwarta ta ce za ta sayo ɗinkakku a kasuwa.

Na ce, "Ina raye, ga keke a ɗaki? Malam Dogo za ta yi."

Ummi ta kama hannuna. "Kaka, ba za su yi mini dariya ba?"

"Wa ya isa ya yi wa Malam Dogo dariya? Tafi za su yi miki. Na yi miki alkawari."

Na samo ragowar shadda na rina ta shunayya. Na naɗe tsohuwar muciya da takarda mai ƙyalli. Gemu kuwa da baƙin ulu na yi shi, na maƙala da roba ta bayan kunne. Da ta saka, sai da na ji ƙwalla.

Ni ba mai fita ba ce, in ba suna ko rasuwa ba. Amma ranar na ci ado, na sa littafin a jaka don in nuna wa malamai yadda ɗinkin ya fito sak. Da muka shiga farfajiyar makarantar sai na ga abin mamaki. Ko'ina yara ne da ɗamammun kaya da rufaffiyar fuska, ƴan kamfai kaca-kaca. Na juya wajen matar da ke kusa da ni (ban ma san ta ba) na ce, "Iyayen zamani ke nan. An ce jarumai, su duk sun kawo ɓarayi." Ta dube ni sama da ƙasa. Ashe biyu daga ciki nata ne.

Shugabar makarantar, Madam Ladi, ta kira sunan Ummi a lasifika. Yarinya ta hau tana jan riga, gemu ya karkace. Da Turancin da uwarta ta haddace mata ta ce, ƙasa-ƙasa, ita ce Malam Dogo mai gina gada, mai ceton yara.

Sai wani ƙaton mutum a bayana ya fashe da dariya, har yana dukan cinya. Mai furfura ne, hannuwansa irin na makanikai.

"Madam, wannan ai shi ne mugun! Na san rigar nan, na san sandar nan! Shi ke rusa gari!"

Wasu iyaye maza suka kama dariya su ma. Na hango Ummi tana nemana da ido.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko a taron suna ba na buɗe baki, sai ga ni gaban jama'a na karɓe lasifika daga hannun Madam Ladi.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Tun kafin a haifi rabin mutanen nan na san Malam Dogo. Mutumin da ya gina gada da sanda ɗaya! Ba ka ga shigarsa ba? Ga shaida, zo ka gani da idonka!"

Na zaro littafin na ɗaga sama. Mutumin ya taso yana share hawayen dariya. Yana karɓa sai dariyar ta tsaya. Ya juya shafi, ya kai hanci ya shinshina.

"Hajiya, ina kika samo wannan?"

"A ƙosan Mama Obinna, a Trikania."

Ya dafa ƙirji. "Ni ne Obinna! Ke ce ƴar Baba na masaƙa, mai son aike? Littafina ne wannan! Na faɗi jarrabawa, Mama ta ƙwace shi ta ce gara ya yi wa ƙosai amfani. Ko ƙarshensa ban karanta ba."

Da a nan ya tsaya, da mun rabu lafiya. Amma sai ya sa yatsa a gindin shafi ya nuna mini wasu ƴan lambobi (lamba kam na iya ta, kawai ban taɓa tunanin tana da aiki a wurin ba). Ya ce, "Baibai kika ɗinke shi, Hajiya. Gadar lafiyarta ƙalau, shi ya karya ta. Yarinyar nan sace ta ya yi, wancan mai tashi sama ƙwato ta zai yi. Kin ga abin da yake cewa a nan? 'Yau zan mai da garin nan toka.'"

"To ƴan sandan da suka zo tarbarsa fa?"

"Tarba? Kama shi suka yi!"

Duk wannan, lasifikar tana hannuna, daidai bakinsa. Har mai sayar da rake a bakin ƙofa ya ji. Wuri ya kaure da dariya, Madam Ladi ta juya baya kafaɗunta na girgiza. Sai na jiyo muryar matar nan daga kan benci: "Hajiya, yanzu su wa suka kawo ɓarawo?"

Na so ƙasa ta tsage in shige da ni da mayafina. Shekara da shekaru ina tara yara muna yi wa ɗan fashi addu'a, muna tsine wa mai ceton gari saboda kamfai.

Ummi ta jawo gefen zanina, ido cike da ƙwalla. "Kaka, ni muguwa ce?"

Obinna ne ya durƙusa a gabanta.

"Ƴata, kin ga duk waɗancan? Ke suke tsoro. Ba don ke ba, ba su da aikin yi, sai dai su je su taya ni wanke injin. Kin iya dariyar mugu? Duba nan." Ya ɗaga kai ya saki wata dariya mai kauri.

Ummi ta share ido. Ta gyara gemu. Ta ɗaga muciya sama ta ƙyalƙyale da wata irin dariya da ban san tana da ita ba, ta diro daga dandamali ta nufi jarumai. Wallahi watsewa suka yi. Wani ya taka mayafinsa ya faɗi, wani ya shige ƙarƙashin kujerar uwarsa yana ihu. Yarinyar da ke ɓuya bayan zani, sai da malamai biyu suka tare ta. Tafin da na yi mata alkawari kuwa an yi shi, har da fito.

Da aka tashi na tarar da Obinna zaune shi kaɗai a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa, yana karanta shafina na farko, wato ƙarshen da bai taɓa gani ba. Ya ɗago idonsa ja. "Ashe dai an kama shi," in ji shi. Ya roƙe ni in mayar masa da littafin, na ce ina, da ƙosai aka ba ni. Yanzu yakan zo da matarsa ran Lahadi in sun taso coci, ya karanta wa Ummi daga baya zuwa gaba. Ya ce in farke zaren ya jera mini daidai, na ce a bar mini kayana. A ɗakina dai Malam Dogo gina gada yake yi.

Sai dai na ɗauki darasi. Yanzu duk mutumin da ya zo mini da babbar riga da murmushi, sai na leƙa gindin shafinsa tukuna kafin in fara yi masa addu'a.