Rasuwar Kaset Mai Gadin Inabi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ba tawa ba, ta maƙwabcinmu Gvozden Pajkić, ake sanar da jama'ar ƙauye rasuwar kaset ɗinsa mai suna Tsatsa a Maƙogwaro, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a gonar inabi, yana da shekara talatin da ɗaya.

An haifi marigayin a wani ɗakin ɗaukar sauti a birnin Niš, bayan Gvozden ya yi faɗa da abokan kiɗansa na pank da metal, kiɗan nan na ihu da hayaniya, ya ce shi kaɗai ma ya isa. An buga kwafi ɗari uku. Mahaifiyar Gvozden ta sayi biyu, ba ta saurari ko ɗaya ba. Sauran kuwa, ruwa ya cinye su a ɗakin ƙasa, sai wannan.

Marigayin bai san zaman banza ba. Tun ranar da Dobrila, matar Gvozden, ta cillo shi waje da rikodarsa yana tsakiyar ihu, aka ga tsuntsaye sun tashi daga kan inabi kamar an harba bindiga, ya samu aikin yi. Kowace kaka akan rataye shi a jikin sanda, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yana "Graaah! Ƙone birnin! Graaah!" Ba tsuntsun da ya ƙara taɓa ƙwaya ɗaya. Kajina ma sukan daina ƙwai, amma ba a ƙorafi a kan mamaci.

Ya yi jinya. Sau bakwai zarensa na tsinkewa Dobrila na ɗaure shi da jan farce. Da muryarsa ta fara dishewa, Gvozden ya tashi goge cikin rikodar da rakija, barasar da muke wanke komai da ita, daga ciwo har gilashi. Sai ya ɗauko mai zuma, wai baƙo mai daraja ba a ba shi ta banza. Zare ya manne, rikoda ta tauna, tururuwa suka ƙarasa. Kalmarsa ta ƙarshe "Graa" ce, bai kai ga sauran ba.

Ta kan katanga na ji Dobrila tana cewa, "Kai tsohon banza, shayi ka ɗauke shi da za ka sa masa zuma? Saura kwana goma sha biyu a yanke inabi, ga tsuntsaye can sun jeru a kan waya suna kallonmu!"

"Mace, ki bar ni da abin da ke damuna."

"Maƙogwaron da ya haife shi ai yana wuyanka. Hau tsani!"

Ya rasu ya bar mahaifinsa, mai shekara sittin da biyu da ciwon gwiwa, da kwalinsa da ya tsage, da biron da ake juya shi da shi, da layin inabi arba'in marasa mai gadi.

Za a binne shi Asabar da ƙarfe goma a gindin bishiyar ƙarshen gona. Fadan cocinmu ya ce ba zai zo ba. Akwai dafaffiyar alkama da kofi. Daga nan Gvozden zai hau tsani cikin rigarsa ta fata, wadda ba ta rufe cikinsa, ya rera waƙoƙi taran da ke cikin kaset ɗin da bakinsa, kullum har a gama yanka. Jiya ya gwada, tsuntsaye sun tsere har ƙauyen gaba. Ya sauko yana share hawaye yana dariya, wai tunda yake ba a taɓa ba shi wasan kwana goma sha biyu a jere ba.

Mai zuwa ya zo da audugar toshe kunne. Tawa ba ta aro ba ce.

Stamena, ta gida na biyu