Harmonikar Bulus

Da Rabilu ya dawo Tudun Gwanki bayan shekarun da ya kwashe a bakin teku, sai ya tarar garin ya canja masa fuska. An sare ƙaton durumin ƙofar masallaci, an kafa shagon cajin waya a gurbinsa. Rijiyar unguwa ta ƙafe. Abokan da ya bari suna buga ƙwallon tsumma duk sun ajiye tumbi, hirarsu ba ta wuce taki da kuɗin makaranta. Iyarsa, Tabawa, ta ƙara ranƙwafawa. Abu ɗaya ne ya tarar yadda ya bar shi, wato Kawu Cindo.

Kawu Cindo ƙanin Iya ne, gida ɗaya suke, shi da matarsa Ladingo mai ƙuli-ƙuli. Ita ke soyawa, shi ke kai wa kasuwar Sabon Garin Zariya duk mako. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma mugu ba. Shi dai magana yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta. Tun ranar da Ladingo ta ce ya sa ido a kan tukunya, har yau girarsa ta hagu ba ta gama tsirowa ba.

Rabilu kuwa bai dawo da komai ba sai jaka ɗaya da ƙaiƙayin tafin ƙafa. A tashar jiragen ruwa ta Legas, inda ya yi dako, wani tsohon kuku ya koya masa busa harmonika, wata 'yar abar busa ta ƙarfe da ba ta wuce tafin hannu ba. Da ita ya koyi kiɗan da ake ce wa bulus, kiɗan baƙaƙen Amurka, mai kama da mutum yana kuka yana ba kansa haƙuri. Tasa ta suɓuce ta faɗa teku kafin ya taho. Bai daɗe a gida ba sai wani abokinsa ya bugo waya daga Jos, ya ce makaɗansu na neman mai busa, in yana so ya zo da kayan aikinsa kafin su ba wani gurbin.

Rabilu ɗan fari ne, Iya ba ta kama sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. Da ya kai mata maganar tana tsince wake a faifai, sai ta ce da faifan, "A gaya wa mai ƙafar yawon nan, ba zai sake fita da yawun bakina ba sai na ji abin nan da kunnena, abin da ya riƙe shi shekara da shekaru. Kafin nan kuma kada ya taka tasha. Na san shi, in ya shaƙi fetur shi ke nan."

Wancan karon ba da albarkarta ya tafi ba, ya kuwa ga yadda tafiyar ta kasance. Wannan karon ba ya son haka. To a garin ba mai sayar da harmonika, kuma a gidan ba mai zuwa birni sai mutum ɗaya.

Wata rana Rabilu ya ja Kawu Cindo gefe ya ce, "Kawu, abin busa za ka sayo mini. Ƙarami ne, na ƙarfe, mai huda goma. Sunansa harmonika." Kawu ya shiga mota yana ta maimaita sunan, har suka faɗa wani rami a hanya, sunan ya fice masa. Da yamma ya dawo yana murmushi, ya zaro usur irin na alƙalin wasa, duk jikinsa huji kamar rariya.

"Huda biyu na same shi da su," in ji Kawu, "sai na kai wa maƙeri ya cike sauran. Ƙirga ka gani, ɗana."

Rabilu ya busa, iska ta fita ta ko'ina, ko tari usur bai yi ba. "Kawu, ai ba ya ƙara."

"Abin busa ka ce, ga shi ka busa. Yaushe ka ce mai ƙara?"

Wata rana kuma Rabilu ya nuna masa hotonta a waya, ya sa shi ya faɗi sunan har ya zauna masa. Ya ƙara da cewa, "Ka duba mai sauƙi, Kawu, ka dai san aljihuna." Kawu ya dubi aljihun, ya ga yadin ya sha jiki, ya gyaɗa kai. A shagon kayan kiɗa ya sa aka fito masa da duk wadda ake da ita, yana ɗaga kowace a tafin hannu yana girgiza kai. Mai shago yana faɗin farashi, shi ko saurare ba ya yi. Ƙarshe ya fita, ya samo wata ta roba mai ruwan hoda a wurin mai kayan wasan yara.

"Duk Zariya babu wadda ta kai ta rashin nauyi," ya ce. "Aljihunka ba zai yage ba. Kuma wannan ko teku ta faɗa, sama za ta taso."

Rabilu ya karɓa. Ya kai ta baki, ta yi wani kuka kamar an taka ɗan agwagwa. Daga ɗaki Iya ta ce, "In wannan ne abin, a gaya masa ya nemi fartanya."

Wata rana Rabilu ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla. Ta ƙarfe, mai huda goma, mai araha. Kuma kowace harmonika da muryarta, makaɗa na ce wa muryar "ki" da Turanci, ana rubuta harafinta a gefe, shi mai harafin G, wato "ji", yake so. "Kai dai in ka je ka ce ki ji. Za a gane."

Kawu ya yi ta tunani a mota. Mai shagon nan namiji ne, har da gemu, ba a ce wa namiji ki. Ashe wurin mace aka aike shi. Da ya sauka sai ya tsaya gaban wata mai fura da ke kusa da shagon, ya gyara murya.

"Ki ji."

"Ina ji, Malam."

"Ki ji."

"Na ce ina ji! Ta nawa za a dama?"

"Ki ji," in ji Kawu, ya naɗe hannu yana jiran ta gane.

Sai da ta ɗaga ludayi tana kiran jama'a su zo su ga ɗan iska da furfura, sannan mai shagon ya leƙo, ya gane mutumin da ya auna masa kaya rannan, ya kuma gane harmonika mai harafin G ake nufi. Ya yi dariya har da hawaye, ya ba ta haƙuri, ya ɗauko wa Kawu mafi arahar da ke da harafin. Kawu ya dawo gida da ita, da fura a kafaɗar rigarsa.

Wannan kam harmonika ce. Rabilu ya wanke hannu, ya zauna a gindin zaure, ya fara. Sai dai irin ta banza ce, iska na zurarewa ta gefe. Shi kuwa kiɗan bulus daɗinsa a jan numfashi yake, mai busa ya ja iska ya karkatar da sautin ƙasa har ya yi kamar shessheƙa, abin da Rabilu ke kira lanƙwasawa. Ya ja, ya ja, har jijiyar wuyansa ta tashi, sauti ya tsaya ƙyam. Ya ajiye ta a kan tabarma ya ce, "Kash, ba ta lanƙwasuwa. Amma bari in lallaɓa ta, ko Iya ta ji wani abu." Ya tafi masallaci.

Da ya dawo ya tarar Kawu zaune kusa da turmi, taɓarya a hannu, gumi na zuba. Harmonika ta koma kamar lauje.

"Ta yi gardama da fari," in ji Kawu. "Amma ka ga, ta lanƙwasu."

Ladingo ta fito ta riƙe baki. "Cindo, wai kai wane irin mutum ne? Abin da ya rage wa yaron nan ke nan fa!"

Rabilu bai yi faɗa ba. Ya juya ƙarfen a hannu, ya ga yadda Kawu ke dubansa yana jiran yabo, sai ya ce, "Sannu da aiki, Kawu. Laifina ne. Irin waɗannan duk ba su ba ne. Ni ta bulus nake nema, ta gaske, ita kuwa ta fi ƙarfina." A ransa ya riga ya sallama Jos. Har ya fara duban inda ake rataye fartanya.

Wata rana Kawu ya kai ƙuli-ƙuli Zariya, la'asar ta yi bai dawo ba. Ladingo ta shiga leƙen ƙofa. Ashe tunda ya sauke kaya ya bi Sabon Gari layi-layi yana tambaya, "Ina Bulus?" Aka kai shi wurin Bulus tela, ya ce shi keken ɗinki gare shi. Aka kai shi wurin Bulus mai faci, ya ce shi iska yake ba taya. Wani Bulus ɗin ma yaye shi aka yi kwanan nan. Kowanne Kawu sai ya ce, "Ɗana na neman taka, ta gaske." Can wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin coci ta ce, "Ko Baba Bulus na reluwe kake nufi? Shi ne dai na sani da abin busa."

Rana ta yi sanyi sai ga ɗan acaɓa a ƙofar gida, Kawu a baya, a tsakiya kuma wani tsoho siriri mai hular sanyi, yana haki.

"Ga Bulus," in ji Kawu. "Ya ce ba ya ba da ita sai ya ga mai ita, shi ne na haɗo da shi."

Rabilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa yana ba tsohon haƙuri, yana bayanin cewa sunan kiɗa ne, ba sunan mutum ba. Baba Bulus ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ladingo ta kawo ruwa. Da ya huta sai ya zaro wani ƙyalle daga aljihu ya warware. Harmonika ce tsohuwa, gefenta ya sha hannu har ya yi santsi, huda goma, ga harafin nan a gefe.

"Tun ina aikin jirgin ƙasa take wurina," ya ce. "Yanzu ƙirjin ya ƙi. 'Ya'yana ba mai so, masu saye kuma ado za su yi da ita. Busa in ji, yaro."

Rabilu ya karɓa da hannu biyu. Ya juya wajen ƙofar ɗakin da Iya ke zaune ta ba su baya, faifan wake a cinya. Ya ɗaga ta zuwa baki. Kawu ne ya ɗaga murya, don yanzu kam ga mace, ga kuma inda maganar ta dace.

"Yaya, ki ji."

Rabilu ya ja numfashi. Sautin ya fito, ya karkata ƙasa, ya yi rawa, ya miƙe. Ya busa wanda yakan busa a bakin ruwa in jirage sun tafi an bar shi da sauro. Ladingo ta tsaya da moɗa a hannu. Baba Bulus ya rufe ido yana buga ƙafa. Hannun Iya ya daina motsi a cikin wake.

Da ya gama, ya sauke ta daga baki. Can Iya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wannan ai ba baƙon abu ba ne. Irinsa muke yi a kan dutsen niƙa in mutum ya tuna gidansu." Ta share ido da bakin mayafi. "Ashe can ɗin ma gida yake tunawa. A gaya masa ya je. Mai busa wannan zai dawo. Allah ya yi albarka."

Rabilu ya sunkuyar da kai ya ce amin. Sannan ya dubi tsohon a kunyace. "Baba, sai dai maganar kuɗinta…"

"Wane kuɗi? Riƙe ta. In ka bi ta Zariya ka tsaya ka busa mini."

Ladingo ta tafa hannu tana dariya. "Ikon Allah! Ta Bulus, don bulus, kuma a bulus!"

Kawu bai ga abin dariya ba. "To ba ita ake nema ba?" ya ce.

Washegari da hantsi Rabilu ya ɗaure jakarsa. Ladingo ta cusa masa ƙuli-ƙuli, Kawu ya cusa masa ta robar nan, wai ko za a bi ta ruwa. Harmonikar kuwa ya naɗe ta a ƙyallenta ya sa a aljihun ƙirji. Baba Bulus, wanda ya kwana a zaure, yana waje yana jira su bi mota ɗaya zuwa Zariya. Rabilu ya durƙusa ya yi wa Iya sallama, ta amsa tana duban ƙasa. Ya miƙe ya kama hannun kawunsa.

"Kawu, na bar maka amana. Ka riƙe mini Iya da kyau."

Ya rataya jaka, ya kai bakin zaure, ya waiwayo. Kawu Cindo na tsaye a tsakar gida, ya riƙe tsintsiyar hannun Iya gam da hannu biyu.

"Sake ni, Cindo, wake zan ɗora."

"Sai ya dawo, Yaya."

Iya ta ɗago, karon farko ta dubi ɗanta ido cikin ido. "To ka dai ji," ta ce. "Kada ka daɗe."