Ilu Farfesan Gas da Abokin Gabarsa

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Ilu Farfesan Gas. Ba wata jami'a da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa a teburin mai shayi, da yake kuma ba wanda ya kai ƙara, sai sunan ya zauna. Sana'arsa sojan baka, irin mutanen nan da ke zuwa gidan rediyo su wasa ɗan siyasarsu, su yi wa na wasu wankin babban bargo. Ubangidansa shi ne Onarabul Maikano, wani ɗan majalisa mai ra'ayin a riƙa cika jiragen ruwa da iskar gas ana kaiwa Turai ana sayarwa. Tun daga nan Ilu ya zama masani. Ko ina kwana ka ce masa, sai ya kai ka Turai ta cikin bututu.

"Ni fa da hanci nake gane gas ɗin da ya dace a fitar," in ji shi. "Jiya ma minista ya kira ni, ban ɗauka ba, ina cin ɗanwake."

Matsalarsa ɗaya, ba mai kula shi. Ya yi ta zuba a rediyo, ko wanda zai ce masa ƙarya kake babu. Ran nan Onarabul ya kira shi ya ce, "Ilu, kullum kana magana, amma ban taɓa jin an zage ka ba. Kujerar mai ba ni shawara kan yaɗa labarai tana nan, sai dai ba zan ba ka ba sai na ji ka kayar da wani a bainar jama'a."

Ilu kuwa tuni ya ɗinka babbar rigar kama aiki, ya gaya wa surukansa an kusa fara ce masa ranka ya daɗe. Ya zaga gari neman abokin gaba. Wanda ya tsokana sai ya ce masa, "Allah ya ba ka haƙuri, ni farashin masara ya dame ni." Da ya rasa, sai ya shiga kasuwa ya sayi wata ƙaramar waya ta hannu, ya sa mata sabon layi, ya ƙera wa kansa maƙiyi.

Akwai wani shirin siyasa da ake kira Zauren Ja-in-ja, wanda Zuwaira Gwadabe ke gabatarwa, mace ce da ba ta dariya ko da a ranar Sallah. Duk ranar da Ilu ba ya cikin shirin, sai ya laɓe a bayan gida, ya cusa goro a kumatu biyu, ya rufa hula a kan wayar, ya bugo.

"Sunana Kwamared Ɗan Talaka daga bayan tasha. Ina tambaya, ta yaya za a kwashi gas a kai wa Bature ya dafa shayi, ni kuma tsohuwata tana hura icce har idonta ya yi ja? Wannan Ilu da kuke sakawa ko ashana bai iya ƙyastawa ba!"

Washegari Ilu ya zo da muryarsa ta gaskiya ya yi kaca-kaca da Kwamared. Ya ce jahili ne, ɗan baƙin ciki, bai san kuɗin shiga ba. Kwana na gaba Kwamared ya rama. Gari ya ɗauka. Sai dai wani abu ya faru da Ilu bai shirya masa ba: mutane suka koma bayan Kwamared. A teburin mai shayi a gabansa ake cewa, "Farfesa, kar ka ji haushi, amma yaron nan ya fi ka hujja." Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya rasa wanda zai riƙe a zuciya.

Ana haka Zuwaira ta sanar cewa ranar Asabar da rana za ta haɗa su kai tsaye, Ilu a ɗakin watsa shiri, Kwamared ta waya. Onarabul ya aiko cewa zai saurara da kunnensa, in Ilu ya yi nasara kujera tasa ce.

Ilu ko a jikinsa. Dabara ta riga ta zo masa: ya kashe wayar, a kira a ji ta a rufe, shi kuma ya ce Kwamared ya tsere. Ranar Asabar da safe ya kashe ta, ya naɗe ta a tsohuwar safa, ya shiga ɗakin shirgi ya tura ta cikin kurfotin gawayi. Tun da suka sayi tukunyar gas ba wanda ya ƙara taɓa kurfotin nan. Yana fitowa matarsa Hansatu ta ce, "Malam, tukunyar nan fa ta yi sakayau, tun shekaranjiya nake gaya maka."

"Hansatu, ina fama da gas ɗin ƙasa baki ɗaya, ke kina ta taki 'yar tukunya," in ji shi. Ya zura babbar riga ya fice.

A gidan rediyo Ilu ya baje. Ya ce gas ya yi mana yawa a ƙasar nan, in ba a fitar ba kumbura za mu yi. Ya ce, "Ni gidana rabon da a ga hayaƙi har yara sun manta kalarsa. Shi kuma wancan matsoracin, ku kira shi. Na rantse ba zai ɗauka ba, tun jiya zawo yake yi."

Zuwaira ta ce, "To, bari mu gani." Ta sa aka danna lambar. Ilu ya harɗe hannu, ya jingina, yana jiran a ce layin a kashe yake.

Ƙirrr. Ƙirrr.

Ilu ya miƙe zaune.

Ƙit, aka ɗauka. "Salamu alaikum?" Muryar Hansatu ce, tana tari. Ita Hansatu ba ta sauraron rediyo, ta ce wanda take ji a gida ya ishe ta.

"Wa alaikumus salam," in ji Zuwaira. "Kwamared Ɗan Talaka muke nema."

"Kwamared wa? Ni dai yanzu na tsinci wayar nan a cikin kurfotina, an naɗe ta a safar maigidana. Na kunna ke nan in ga ko ta wace ce, sai ga kiranki. Ke wace ce?"

"Ya sunan maigidan naki, Hajiya?"

"Ilu mana. Wanda suke ce wa Farfesa."

Ilu ya yi wuf ya cafki makirfon ya ce, "Sharri ne! Jama'a, ni wannan ba matata ba ce!"

Zuwaira ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam Ilu, a bi a hankali. Malamai na saurare, kar gobe a ce sai an sake ɗaura aure."

"A'a, a'a! Matata ce! Matata ce halak malak! Wayar ce ba tawa ba!"

"Au, Malam, kai ne?" in ji Hansatu. "To safar fa? Ga ma ɓarin goro a ciki duk ya bushe. Dama kai ne kake shiga bayan gida da hula kana faɗa da kanka? Ni na zaci aljanu ne, har na karɓo maka rubutu wurin Liman."

A lokacin wayar Ilu ta gaskiya ta yi ɗil a aljihu. Ya leƙa, ya ga saƙon Onarabul. Bai buɗe ba, don tun daga waje ya hango kalmar farko, kuma ba barka ba ce.

Zuwaira ta gyara zama ta ce, "Hajiya, tunda kin shigo, shirin namu kan iskar gas ne. Farfesa ya ce ya yi mana yawa, a kai wa Turawa. Kina da abin cewa?"

Hansatu ta yi tari mai ƙarfi, har ana jiyo ta tana fifita wuta, fat-fat-fat.

"Ni ban san Turawa ba, 'yar uwa. Shinkafata ce a kan wuta gas ya ɗauke, ga shi hayaƙi ya cika gida, yara sun gudu maƙwabta. Ki tambayar min shi, namu na gidan ma Turai ya kai? In kuma yana jin nauyin ɗauko tukunyar don shi Farfesa ne, to ya turo Kwamared."