Gazali Ya Tashi Sama, Rumbun Dada Ya Riƙe Shi

Katanga ɗaya ta raba ni da gidan Dada a Fakku, kuma gajera ce, wannan ba laifina ba ne. Ran Talata da hantsi na ji wani ɓarrr kamar an yaga buhu. Ina leƙawa sai ga Gazali jikanta, ɗan kabu-kabu har da gemu, yana reto a jikin rumbun gero. Jan zanen Dada ya ɗaura a kafaɗa ya diro daga sama, ƙugun wandonsa ya maƙale a wani itace. Wayarsa tana jingine kan turmi tana ɗaukarsa. Sai ga Dada da ƙwaryar tsakin kaji.

"Dada, ina kwana?"

"Lafiya lau, maigidana. Yaushe anka shanya ka?"

"Aiki nika yi, tsohuwa. Garo mini turmin can in taka."

"Aikin korar tsuntsaye? Kuma zanen wa nika gani bayanka?"

"Fim nika haɗawa. Irin waɗanda sunka fara cikin littafin zane-zane, anka maida su fim. Mutum shina zaune ba shi da komi, hatsari shi same shi, shi farka da ƙarfi shina tashi sama shina ceton jama'a. Nawa jaki ne zai harbe shi a kasuwar Dogon Daji."

"To ai tarihinka ne. Kana shekara fuɗu jakin Namadi ya harbe ka. Munka zauna jiran ƙarfi, har yau cin tuwo kaɗai munka gani."

"Ke ma na sa ki ciki, kada ki ce na yi miki rowa."

"Wa zan fito? Sarauniya?"

"Gawa."

Dada ta aje ƙwaryar a hankali.

"Haka tsarin yake," in ji Gazali. "Dole tsohon gidan shi mutu a farko, don gwarzon shi yi fushi. Ɓarayin gero za su ture ki, ki ce 'Gazali ka rama mini,' ki rufe ido. Minti biyu."

"Ni za ka kashe? Da zanena a wuyanka?"

"Ki ɗauka gwaji ne, tunda tafiyar ta kusa."

"Kai ɗan nan! Maza biyu na raka, kowanensu ya fi ka kaurin wuya. Damin dawa na ɗauko daga Jabo da ubanka goye a baya, ban nemi jaki shi harbe ni ba. Kai rumbu kaɗai ya kama ka."

"Rumbun ne ya tsufa, kamar mai shi."

"Ya tsufa, amma ga shi riƙe da ƙato."

Wandon ya sake cewa ɓarr. Dada ta ɗaga kai ta dubi rana.

"Yanzu Hamdiyya za ta kawo mini nono."

Hamdiyya ita ce yarinyar da Gazali yake nema, wadda yake wanke babur sau biyu kafin ya bi ta ƙofar gidansu. Nan take muryar gwarzo ta sirance.

"Dada. Hajiya Dada. Amaryata mai haƙoran azurfa."

"Haƙori ukku gare ni, kuma gawa ba ta gara turmi."

Ta ɗauki wayar ta kai ta dab da hancinta. "Wanga abu har yanzu shina kallo?"

"Shina ɗauka."

"Madalla. Gaya mashi wa za shi ceci mai tashi sama."

"Dada, don Allah."

"Da ƙarfi. Kunnen gawa ba shi ji sosai."

"Dada ce! Dada ce ta cece ni!"

"Wa ke mutuwa a fim?"

"Jakin!"

Ni nan dariya ta kuɓuce mini, Dada ta waiwayo ta ce in sauka daga katangarta ko in zo in taya shi reto. Ban sauka ba. Ta sa ƙafa ta garo turmi, Gazali ya taka, ya zare wandon daga itace. Ƙafarsa na taɓa ƙasa muka ji sallamar Hamdiyya a zaure. Ya warware zanen da sauri ya ɗaura a ƙugu, don bayan wandon ya riga ya zama taga.

Dada tana dariya har da hawaye. "Riƙe zanen, na ba ka. Ka fi ni buƙatarsa."

Gazali ya karɓe wayarsa ya goge ta a hannun riga.

"Na gode, tsohuwa, kuma na fasa kashe ki. Wata ukku ina yawo har Tambuwal neman wanda zai fito a mugun fim ɗin, ashe shina gida shina ba kaji tsaki."