Faga'ar da na kai wa surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi wa surukina gwaninta a dutsen Shafa ba. Wata biyu da aurena, surukin nawa, Baba Alhaji, ya ce mu bar zafin Makka mu haura can mu sha iska. Muka tarar da sanyi mai ratsa ƙashi, raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat.

Kowa ya zauna kan darduma yana jiran shayi, ni kuwa na kasa zama. In tashi, in zauna, in gyara itacen da ba wanda ya ce in gyara. So nake Baba ya ga 'yarsa ta auri mai amfani. Ana cikin hira ya ce ya yi kewar faga'a, wannan abin da ake tonowa cikin ƙasa bayan ruwan sama, mai kama da dankali.

"Baba, ai ni na san daji," in ji ni. (Ni da aka haifa a unguwar Ka'akiyya cikin Makka, dajin da na sani bai wuce tantunan Mina ba.)

Matata ta harare ni. Na yi kamar ban gani ba, na kutsa cikin itatuwa. Yatsuna sun sandare, hanci na zuba, ina ta tone-tone. A gindin wata bishiya na ga laimar kwaɗi farare, na tsinke. Can gaba kuma sai ga wasu dunƙule-dunƙule masu ruwan ƙasa, sanyi ya ƙanƙare su. Faga'a! Na cire rawanina na cika shi, na dawo da gudu na juye a tsakiyar darduma, kusa da burodi.

Baba ya ture fararen da sanda. "Wannan, ya waladi, ɗana, sai mai neman asibiti." Sannan ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya fasa, ya shinshina. Ya daɗe yana kallona.

"Mashallah. Raƙumin da ya yi wannan kashin ya ƙoshi jiya."

Surukata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Matata ta kwashe burodin.

Tun daga ranar, in manya suka ce suna kewar wani abu, cewa nake "Allah ya kawo," in ci gaba da shan shayina.