Rasuwar Dada, Mai Ctrl a Kusurwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ta rasa inda za ta zuba wani, Malam Barau Datti, mai shagon buga takardu da ke bakin tashar Gaya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda duk mai shiga shagon ya sani da suna Dada. Ta cika wata ranar Talata da hantsi a watan jiya, a kan teburin da ta yi rayuwarta, tana tsakiyar buga wa wani bawan Allah daga Ajingi takardar neman aiki. Har yanzu mutumin bai nemi aikin ba.

Marigayiyar ta zo Gaya da tsufanta, bayan ta gama yi wa wani Bature bauta a ƙasar da ba a tantance ba, shi ya sa aka raɗa mata sunan kaka tun ranar farko. Mai haƙuri ce. Ta sha wutar janareto mai hawa da sauka ba ta yi ƙorafi ba, ta haɗiyi ɓawon gyaɗar da maigidanta ke ɓarewa a kanta ba ta tona masa asiri ba. Da safe idan an tashe ta sai ta yi "tiririn" a hankali, kamar mai amsa sallama daga cikin ɗaki. Idan rana ta take, sai fankarta ta kama "fuuu", madannanta kuwa "kwas-kwas-kwas" har masu babur a tasha su san Malam Barau ya samu aiki.

Amma babban halinta na kirki, wanda za a daɗe ana ba da labari, shi ne ta san girman na gaba. A jerin madannanta na ƙasa, can kusurwar hagu, ta zaunar da Ctrl, madannin da sai da shi ake kwafe rubutu, a manna shi, a adana shi. Fn kuwa, ɗan aiken ƙara haske da rage sauti, ta ajiye shi a gefe, inda ya kamata yaro ya zauna. Ƙaramin yatsan Malam Barau na hagu ya san wannan kusurwa kamar yadda ƙafa ta san hanyar gida, har ya yi wa madannin kwarmi ya share rubutun da ke kansa. Da wannan kusurwa ya yi suna. Daga Gaya har Balan an san shi da buga takarda ba ya kallon madannai, ba ya kallon fuskar kwamfuta, idonsa na kan mai takardar, yana tambayarsa iyali da yabanya. Har laƙabi aka yi masa, Barau Ba-kallo, kuma gaskiyar magana ya fi son laƙabin da sunan yanka.

Jinyarta ta yi tsawo. Batirinta ne ya fara kumbura, har ta kai ba ta iya ko numfashi sai da caja a jiki. Daga nan ƙugunta ya saki, aka riƙa jingina ta da gwangwanin madara. A ƙarshe ta yi "tit, tit", fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi. Ja'afar mai gyara ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya mayar ya rufe, ya ce a yi haƙuri.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da firinta wadda ba ta taɓa amsa umarnin kowa ba sai nata, da jaka marar zif, da kuma yatsan da aka ambata, wanda shi ne ainihin marayan.

Ya zama dole a yi bayanin magajiyarta, domin maganar ta riga ta zaga gari. Alhaji Abdulmuttalib, mijin 'yar Malam Barau, da ya ji labarin rashin, sai ya aiko daga Kano da sabuwar kwamfuta, siririya, mai sheƙi, ba ta tari ba ta nishi. Allah ya saka masa da alheri. Sai dai wanda ya ƙera ta, ko wane ne shi, ya ɗauki Fn ya ɗora a kusurwa, ya tura Ctrl ciki. Kyautar suruki kuwa ba a mayar da ita, ba a kushe ta, ko da ido. Duk sanda Alhaji ya bugo waya, Malam Barau sai ya ce ai kwamfuta sai hamdala, yana faɗa yana hararar kusurwar.

Ranar Alhamis abin ya faru. Da safe ya buga wa mutanen Balan sanarwar sadakar bakwai, ya kwafi addu'ar mamaci ya manna. Da azahar sai ga Ardo Bubayero daga Toranke, zai buga katin ɗaurin auren ɗansa Usaini. Malam Barau ya buɗe wani tsohon kati don ya kwafo addu'ar zaman lafiya, idonsa na kan Ardo, suna hirar makiyaya da ruwan bana. Yatsa ya tafi kusurwa kamar kullum, ya tarar da baƙo, bai kwafo komai ba. Wajen mannawa kuma, da yake akwai rabon jin kunya, sai ya faɗa kan Ctrl daidai, ya manna addu'ar mamacin da ya kwafa da safe. Ardo da ajami yake karatu, don haka ya karɓi katunansa ya yi godiya ya raba. A ƙarƙashin sunan ango an rubuta da manyan baƙaƙe: Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Gwaggwannin ango sun iso Toranke da kukansu tun daga bakin gari, suka tarar da mamacin a zaune a kan turmi ana yi masa aski. An ɗaura auren lafiya. Amma Ardo bai sake taka shagon ba, kuma mutanen Toranke yanzu tsallaka titi suke yi da takardunsu zuwa wani shagon. Wannan ya yi wa Malam Barau ciwo fiye da rashin Dada kanta.

Masu ta'aziyya sun kawo shawarwari. Wasu sun ce Fn a kusurwa shi ne daidai, su haka suka taso suka gani, kuma an saurare su saboda zaman makoki ne. Ja'afar ya ce zai iya shiga can cikin kwamfutar ya musanya wa madannan biyu aiki, a ga Fn a rubuce amma ya yi aikin Ctrl. Malam Barau ya ce, "Ja'afar, a fuska wani, a zuci wani? Ban ajiye munafuki a gidana ba, ba zan ajiye shi a shagona ba." An gwada ciro madannin Dada mai kwarmi a dasa wa sabuwar, sai aka ga ya fi ramin faɗi. Yanzu yana cikin aljihun maigidan, tare da goro.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar bayan la'asar, a kan babur, daga shago zuwa rumfar Ja'afar, inda za a raba sassan jikinta ga mabuƙata. Ba za a yi mata salla ba, an tambayi liman ya ce kada a kuskura. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar shago. Mabiya Fn a kusurwa za su iya zuwa, an tanadar musu tabarma a can gefe, su ma su ɗanɗana. Ana roƙon mutanen Toranke su yafe, su halarta, sanarwar nan ta gaskiya ce, an karanta ta kafin a buga.

Wanda kuma ya shigo ya yi sallama, ya ga Malam Barau bai ɗago ya dube shi ba, bai tambaye shi iyali ba, kansa a sunkuye a kan tebur, to kada ya ce girman kai ne, kada kuma ya ɗauka kuka yake yi. Ctrl yake nema.